Ina Katantanwar Kududdufi Take Zuwa da Rani?

Duk wanda ya ratsa fadamun bayan garin Lafia a watan Fabrairu zai ga kududdufai sun ƙafe, laka ta tsattsage, sai ya ɗauka babu sauran mai rai a ciki. Akwai. Ƙaramar katantanwar ruwa, irin da masana ke kira Bulinus, wadda ba ta wuce ƙwayar wake ba, kan nutse cikin laka tun da sauran danshi, ta janye jikinta can cikin ƙoƙonta, ta rage numfashi, ta yi watanni ba ci ba motsi. Da yawa zafin Maris yana kashe su. Waɗanda suka dace da inuwa ko gindin ciyawa kuwa, ruwan farko na sauka sai su fito su fara ƙwai.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan katantanwa ce matattarar tsutsar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga katantanwa ta hayayyafa, sannan ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka. Shi ya sa na ƙi yarda da masu cewa rani yana wanke kududdufi.

Tun 1999 Cibiyar Carter take tallafa wa rabon praziquantel, maganin tsargiya, a jihohin Nasarawa da Filato. Iyaye, in an zo rabo makaranta ku bar yara su sha, kuma yaron da ya fara fitsarin jini a kai shi asibiti, ba alamar balaga ba ce.