Ɗaliban Ƙetare, Lambar NIN Da Neman Aiki A Jalingo

JALINGO — A shekarun baya, duk ɗan kasuwar da zai ɗauki yaron shago a garin Jalingo tambaya biyu yake yi: ɗan gidan wa ne, kuma wa zai tsaya masa. A yau an samu ta uku, wadda sau da yawa ita ke raba gardama, wato ko yaron yana da lambar shaidar nan ta ƙasa da aka fi sani da NIN. Dalili kuwa shi ne biyan albashi ya koma ta banki, ciniki ya koma ta waya, kuma asusun banki da layin waya duk an ɗaure su da wannan lamba mai alƙaluma 11.

Ga ɗan ƙasa, al'amarin bai wuce na bin layi a ofishin rajista ba. Amma ga ɗalibin da ya tsallako daga Jamhuriyar Kamaru domin karatu a Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, ko a Jami'ar Tarayya ta Wukari da aka kafa a 2011, ko kuma a ɗaya daga cikin kwalejojin jihar, maganar ta fi haka sarƙaƙiya. Irin wannan ɗalibi yakan so ya ɗan taɓa aiki bayan an tashi daga aji, ko a shagon buga takardu a unguwar ATC, ko koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi, ko riƙe na'urar POS a bakin kasuwa, domin ya samu na abinci da na haya. Shi da mai ɗaukarsa aikin kuwa sukan ɗauka cewa da zarar lamba ta fito, magana ta ƙare. A nan ne kuskuren yake.

Kafin a shiga batun doka, ya kamata a tuna da irin zaman da ke tsakanin jihar Taraba da maƙwabciyarta. Tsaunin Mambila da kewayensa suna cikin yankin da ake kira Arewacin Kamaru a zamanin rainon Ingila, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta watan Fabrairu na 1961 suka zama ɓangaren Nijeriya. Iyakar da aka shata ta ratsa ta tsakanin dangi, ta raba Mambilawa da Fulani da sauran ƙabilu gida biyu, ta yadda mutum zai iya samun kawunsa a Gembu, gwaggonsa kuma a Banyo. Shanu da hatsi da kayan masarufi ba su taɓa daina kai da kawowa ta wannan iyaka ba. Saboda haka ɗalibin da takarda ta kira baƙo, a idon mai shago ɗan gida ne, yana jin Hausa da Fulatanci, ya san farashin kaya a Naira da Sefa. Wannan kusanci shi ne ya sa mutane da yawa ba su ga dalilin tambayar takardu.

Sunan da aka raɗa wa lambar a Hausa, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, shi kansa yana ƙara rikita jama'a. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Shaidar Ƙasa, NIMC, a 2007 ta ambaci rukuni uku na mutanen da za a yi wa rajista: 'yan ƙasa, da baƙin da ke da izinin zama na dindindin, da kuma baƙin da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida na tsawon shekara biyu ko fiye. Ke nan lambar tana tabbatar da ko wane ne mutum, da sunansa da hotonsa da zanen yatsunsa, ba tare da ta mayar da shi ɗan Nijeriya ba. Ɗalibin da ke karatun digiri na shekara huɗu yana iya shiga rukuni na uku, muddin yana riƙe da fasfo mai rai da takardar izinin zama daga Hukumar Shige da Fice. Rajistar farko a cikin ƙasa kyauta ce.

Shekara da shekaru lambar ba ta dami kowa ba. Abin ya sauya ne a watan Disamba na 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta ba da umurnin a haɗa kowane layin waya da NIN. A 2021 hukumar JAMB ta wajabta ta a kan masu neman shiga manyan makarantu. A watan Disamba na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna da su tabbatar ko da ƙaramin asusu yana ɗauke da NIN ko lambar banki ta BVN, manyan asusu kuwa su ɗauki duka biyun. A shekarar ce kuma adadin waɗanda aka yi wa rajista ya haura miliyan 100. Hukumar fansho tana neman lambar kafin a buɗe wa ma'aikaci asusun ajiyar ritaya, haka ma hukumar rajistar kamfanoni ga mai son yi wa sana'arsa rajista. Bugu da ƙari, a ƙarƙashin sababbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu a watan Yuni na 2025, waɗanda suka soma aiki a watan Janairu na 2026, NIN ce ta zama tushen lambar haraji ta ɗaiɗaikun mutane. Wanda ba shi da ita, a taƙaice, ba ya cikin littafin tattalin arzikin ƙasa.

Sai dai izinin yin aiki wata ƙofa ce dabam, kuma mabuɗinta ba ya hannun NIMC. Dokar Shige da Fice ta 2015 ta hana duk wanda ba ɗan ƙasa ba karɓar aiki a wajen 'yan kasuwa ko kamfanoni sai da rubutaccen izinin Kwanturola-Janar na hukumar, ta kuma hana shi kafa sana'a ko ciniki sai da amincewar Ministan Harkokin Cikin Gida. Wanda ya saɓa yana fuskantar tara ko kora daga ƙasa, kuma dokar ta ɗora wa mai ɗaukar baƙo aiki nauyin neman izini tun kafin ya ɗauke shi. Takardar zaman da ake bai wa ɗalibi ta karatu ce. Dokar ba ta ware wa ɗalibai wasu sa'o'i na aikin wucin gadi ba. Hanyar da aka tanada ta ɗaukar baƙi aiki kuwa, wadda ta ƙunshi neman gurbin ma'aikatan ƙetare daga ma'aikatar da biyan kuɗin takardar zama mai tsada, an tsara ta ne da manyan kamfanonin mai da na gine-gine a zuci. Babu mai shagon da zai bi wannan doguwar hanya saboda yaron da zai biya Naira 40,000 a wata.

Akwai bambanci kuma tsakanin baƙo da baƙo, wanda 'yan kasuwa da dama ba su lura da shi ba. Ɗalibi ɗan Ghana ko Benin ko Togo yana cin gajiyar yarjejeniyar ƙungiyar ECOWAS ta 1979 da ƙare-ƙaren da aka yi mata a 1986 da 1990, waɗanda suka ba shi damar shiga ba biza, da neman katin zama, da neman aiki ko kafa sana'a. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a ranar 29 ga Janairu, 2025, ko da yake a lokacin ƙungiyar ta nemi sauran ƙasashe su ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen uku har sai an cimma matsaya. Kamaru kuwa ba ta taɓa zama cikin ECOWAS ba, tana cikin ƙungiyoyin Afirka ta Tsakiya ne. Yarjejeniyar da ke tsakaninta da Nijeriya ta ɗauke wa 'yan ƙasarta bizar ziyara, amma ba ta ba su haƙƙin aiki ba. Ta haka sai ya kasance maƙwabcin da ya fi kusa da Jalingo shi ne ya fi nisa a takarda.

Rukunin da ya sha bamban shi ne na 'yan gudun hijira. Tun daga 2017, rikicin yankunan da ke magana da Ingilishi a Kamaru ya koro dubban mutane zuwa jihohin Kuros Riba da Binuwai da Akwa Ibom da Taraba, inda a nan suka zauna cikin jama'a a ƙananan hukumomi irin su Sardauna da Kurmi da Ussa da Takum. Wanda hukumar 'yan gudun hijira ta ƙasa ta yi wa rajista yana da damar neman abin kansa, kuma yaran da suka shigo suna firamare a wancan lokaci yanzu sun kai shekarun shiga manyan makarantu. Mai ɗaukar aiki da ya ga katin gudun hijira a hannun ɗalibi yana kan tudu mafi tsauri fiye da wanda ya ga takardar zaman karatu kawai.

'Yan kasuwar da ke da 'ya'ya a ƙasashen waje sun san yadda wasu ƙasashe suka warware wannan ƙulli. A Amurka, inda ɗaliban Nijeriya suka haura 20,000 a zangon karatu na 2023 zuwa 2024, ba a bai wa ɗalibin ƙetare lambar inshorar jama'a mai alƙaluma tara sai ya nuna takardar samun aiki da wasiƙar jami'in makarantarsa. Wato can izini ne ke zuwa da farko, lamba ta biyo baya, kuma a kan katin ake rubuta cewa bai halatta aiki ba sai da amincewar hukuma. An yarda ɗalibi ya yi aikin sa'a 20 a mako a cikin harabar makaranta lokacin karatu. A Ingila ma sa'a 20 ce ga mai karatun digiri, kuma an rubuta sharaɗin a cikin bizarsa. Kanada ta ɗaga nata zuwa sa'a 24 a watan Nuwamba na 2024, lambar da take bai wa mazaunin wucin gadi kuma tana farawa da alƙalami 9, ta yadda mai ɗaukar aiki yana kallo ɗaya zai san ya kamata ya duba ranar ƙarewar izini. A duk ƙasashen uku, ɗalibi da ubangidansa sun san iyakarsu. A Nijeriya lambar ba ta faɗa wa mai shago komi game da wannan, doka kuma ba ta bar wata 'yar ƙofa ba.

Abin da ke faruwa idan aka rufe ƙofa alhali buƙata tana nan sananne ne. Aikin ba ya tsayawa, sai dai ya koma bayan fage. Ana biyan ɗalibi kuɗi a hannu, ko a tura cikin asusun abokin ɗakinsa, ko a yi wa na'urar POS rajista da sunan wani ɗan ƙasa a miƙa masa. Ranar da kuɗi suka ɓace, ko wani ya turo kuɗin zamba ta asusun, wanda sunansa ke kan takarda shi za a nema, mai shago kuma ba shi da abin da zai nuna wa alƙali. Mafi muni shi ne ɗalibin da zai je ya yi rajista a matsayin ɗan wata ƙaramar hukumar bakin iyaka, domin ba da bayanin ƙarya ga NIMC laifi ne, kuma tun da zanen yatsu ba ya sauyawa, ƙaryar za ta bi shi har tsufa.

Idan aka auna da ma'aunin haraji, asarar gwamnati a nan ba ta taka kara ta karya ba, kuma gara a faɗi hakan. Sabuwar doka ta yafe haraji a kan Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, ɗalibin da ke karɓar Naira 40,000 a wata kuwa abin da zai tara Naira 480,000 ne. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, ba ta hau kan masu aikin wucin gadi ko wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, kamar yadda wajabcin fansho ya fi shafar masu ma'aikata 15 zuwa sama. Asarar tana wani wuri. Ɗalibin da ke jin Faransanci da Ingilishi da Hausa shi ne ainihin wanda dillalin shanu a Iware ko mai sayar da ganyen shayin Kakara yake buƙata idan yana son kasuwar tsallake, ya rubuta masa wasiƙa, ya karanta masa takardar kwastan, ya lissafa masa canji. Makarantun kuɗi na jihar ma suna neman malaman Faransanci. Jihar da ta rage kuɗin jami'arta da rabi a 2023 domin ta faɗaɗa ilmi tana horar da irin waɗannan matasa, sannan doka ta hana 'yan kasuwarta amfana da su a fili. Bayan kammala karatu ma ba ta sauya zane ba, domin hidimar ƙasa ta NYSC ta 'yan Nijeriya ce kawai, ma'aikatu da yawa kuwa takardarta suke fara tambaya.

Masu adawa da sassauci suna da hujjarsu, kuma ba ta wasa ba ce: matasan Taraba da suka gama karatu suna zaune ba aiki, iyakar kuma tana fama da matsalar tsaro. Waɗanda suka manyanta ba su manta da korar baƙi ta watan Janairu na 1983 ba, lokacin da faɗuwar farashin mai ta sa gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta sallami fiye da mutum miliyan ɗaya. To amma ƙayyadadden izini na wasu sa'o'i a mako, wanda makaranta za ta shaida, hukuma kuma ta rubuta a jikin takardar zama, zai fi taimaka wa jami'an tsaro fiye da halin da ake ciki, inda ba wanda ya san wa ke aiki a ina. Tun 2023 aka mayar da NIMC ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, wadda ita ce kuma ke kula da Hukumar Shige da Fice, saboda haka hukumar da ke ba da lamba da wadda ke ba da izini minista ɗaya suke amsa wa.

Kafin a kai ga haka, ɗan kasuwar da ɗalibin ƙetare ya zo masa neman aiki zai kyauta wa kansa idan ya nemi ganin takardar zaman yaron tare da lambar, ya duba a kan wane dalili aka ba da ita da ranar da za ta ƙare, sannan ya tuntuɓi ofishin Hukumar Shige da Fice na jiha da ke Jalingo kafin ya sa sunansa a littafin albashi.