Kwamfutar da ke sumewa da azahar

A watan Maris ɗin da ya gabata mu huɗu daga sashen nazarin kwamfuta muka koma tsohuwar makarantarmu ta sakandare domin taimaka wa 'yan aji shida da ke shirin jarrabawar JAMB. Tun daga shekarar 2015 aka daina rubuta wannan jarrabawa da takarda da fensir, kowa sai ya zauna gaban kwamfuta. Ɗalibin da hannunsa bai saba da linzami da madannai ba, ko ya san amsa, lokaci na iya ƙare masa yana lalube. Sai muka tarar kwamfutocin da ke aiki ba su isa ba, ɗalibai uku-uku a kan guda ɗaya. A kusurwar ɗakin kuwa ga wasu guda biyar an jera an lulluɓe da zane, wai sun lalace.

Muka tambayi malamin da ke kula da ɗakin abin da ya same su. Ya ce da safe lafiya lau suke tashi, amma da rana ta take sai su fara nauyi, fankar ciki ta riƙa ƙugi kamar injin markaɗe, can sai allo ya yi baƙi ƙirin. An kai biyu wajen mai gyara, ya ce bairos ne, ya goge komai ya sake loda Windows, ya karɓi kuɗinsa. Ba a yi mako ba suka koma 'yar gidan jiya.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne lokacin da suke sumewa. Bairos bai san safiya ba, bai san azahar ba. Abin da ya san azahar a garinmu shi ne zafi.

Ina zafin yake fitowa?

A tsakiyar babban allon da ke cikin akwatin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai furosesa, wato abin da ke yin duk lissafin. A cikinsa akwai biliyoyin 'yan mitsi-mitsin makunnai da ke kunnuwa suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa, kuma kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa. Furosesar kwamfutar tebur irin wadda aka saba gani tana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 65 idan aiki ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa kai hannu kan ƙwan lantarki irin na da, mai wat 60, ya san abin da muke nufi. To, ku ƙaddara duk wannan zafin yana fitowa ne daga wani ɗan abu da faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba.

Kamfanonin da ke ƙera furosesa sun sa mata iyaka. Yawancin na Intel iyakarsu digiri 100 ne a ma'aunin Selshiyas, da yawa daga na AMD kuma 95. Idan zafi ya doshi wannan iyaka, furosesa da kanta take rage gudu domin ta huce. Wannan shi ne nauyin da malam yake gani. Idan rage gudun bai wadatar ba, sai ta kashe kwamfutar gaba ɗaya don kada ta ƙone. Ashe ba lalacewa suka yi ba, gudun ceton rai suke yi.

Ga kuma wani abu da mu kanmu sai a jami'a muka fahimta: fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iska kawai take turawa. Iskar ɗaki ce take sanyaya kwamfuta, don haka idan ɗakin ya tashi daga digiri 25 zuwa 40, kusan duk wannan ƙarin 15 ɗin a kan furosesa yake sauka. A Kano da Sakkwato da Maiduguri kuwa wuce digiri 40 a watan Afrilu ba labari ba ne. Abin da ya ƙara dagula mana lamarin shi ne yadda lokutan shekara suka jeru. Hunturu ne ke fara zuwa da ƙurarsa, wadda iska ke kwaso da yawa daga cikinta tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ya yi watanni yana cusa ta cikin kowace kafa. Yana tafiya sai bazara ta iso ta tarar duk hanyoyin iska a toshe.

Abin da muka tarar a ciki

Da izinin malam muka kashe ta farko, muka zare wayarta daga soket, muka danne makunnin na 'yan daƙiƙoƙi don ragowar wuta ta fita. Kowannenmu ya dafa ƙarfen akwatin kafin ya taɓa komai a ciki, saboda ɗan tartsatsin nan da ke kama mutum da hunturu idan ya cire riga ya isa ya kashe wani abu a kan madabod. Sannan muka sa sukundireba muka kwance murfin gefe.

A kan furosesa akwai wani dunƙulen ƙarfe mai haƙarƙari-haƙarƙari da fanka a samansa. Masu gyara suna ce masa hitsink. Idan kun lura da jikin injin babur, za ku ga irin waɗannan haƙarƙarin, kuma aikinsu ɗaya: su faɗaɗa wurin da iska za ta taɓa ta kwashe zafi. A wannan kwamfutar ba ma iya ganin haƙarƙarin. Ƙura ta haɗu da zare da gashi ta zama kamar bargo tsakanin fanka da ƙarfen. Fankar tana ta juyi, amma iskarta bargo take bugawa. A cikin ta uku har gidan zanzaro muka samu a manne a kusurwa.

Waje muka fitar da su, muka ɗaure hanci da hankici, muka aro bulowa daga shagon wani mai gyara, muka haɗa da busasshen buroshin fenti mai laushi. Ba a sa ruwa, ba a kuma hurawa da baki, domin yawu na iya bin iskar. Duk fankar da za mu hura sai ɗayanmu ya sa yatsa ya riƙe ta, saboda idan bulowa ta juya ta fiye da ƙima tana iya lalata ta. Akwai akwati ɗaya da ba mu buɗe ba, kuma muna roƙonku kada ku taɓa buɗe shi: fawa fak, wanda wayar wuta ke shiga cikinsa. Yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi daga soket. Ta ragarsa kawai muka hura shi.

Ɗan man da ke tsakani

Da muka ɗaga hitsink ɗin sai muka ga wani abu toka-toka ya bushe ya tsattsage a kan furosesa kamar ƙanzo a gindin tukunya. Wannan shi ne man furosesa, kuma a nan muka fi daɗewa, don mutane da yawa ba su san dalilin sa shi ba.

Saman furosesa da ƙasan hitsink suna da sulɓi a ido, amma a zahiri cike suke da 'yan ramukan da ido ba ya gani. Idan aka haɗa su haka nan, iska ce ke maƙalewa a ramukan, iskar da ba ta motsi kuwa ba ta iya ɗaukar zafi. Jan ƙarfe ya fi ta iya wucewa da zafi fiye da sau dubu 15. Aikin man shi ne ya kori wannan iska ya cike gurbinta. Amma shi ma man bai kama ƙafar ƙarfe ba wajen ɗaukar zafi, iska kawai ya fi. Shi ya sa labta shi da yawa ba gwaninta ba ce. Mun goge tsohon da ɗan sifirit a jikin ƙyalle mai tsabta, muka jira ya bushe, muka ɗiga sabo a tsakiya wanda bai wuce ƙwayar wake ba. Nauyin hitsink ɗin ne zai baje shi. Wajen ɗaurewa kuma ba a gama kusurwa ɗaya a koma ta kusa da ita. Ana ɗaure wannan kaɗan, a tsallaka ta can da ke fuskantarta, a riƙa zagayawa har ya zauna daidai. Kada kuma a manta da mayar da 'yar wayar fanka a mazauninta.

Wani ɗan aji biyar ya ce ya ga bidiyon da aka yi amfani da man goge baki. Mu ma mun gani. Yana bushewa cikin ɗan lokaci a koma inda aka fito, ko ma abin ya fi da muni. Ɗan sirinji ɗaya na man gaskiya ya ishe mu duka biyar ɗin.

Manyan hitsink na zamani suna da bututan jan ƙarfe da aka rufe da ɗan ruwa a ciki. Ruwan yana zama tururi a wajen zafi, ya tafi can saman ya huce ya dawo. Dabarar randa ce: ruwan da ke tashi yana tafiya da zafi. Suna da kyau, sai dai kwamfutar makaranta da ake koyon buga rubutu da gwajin jarrabawa ba ta bukatarsu, balle masu sanyaya da ruwa da lagireto da 'yan wasan gem ke yayi.

Kuskuren da muka tafka

Cire zafi daga furosesa rabin aiki ne. Idan ya fito ya tsaya a cikin akwati, fankar za ta sake zuƙo shi ta mayar. Dole iska ta sami ƙofar shiga da ƙofar fita, kamar ɗakin da ke da taga gabas da yamma. Tsarin da aka saba shi ne iska mai sanyi ta shigo ta gaba daga ƙasa, ta ratsa kan madabod, mai zafi ta fita ta baya daga sama.

Ɗaya daga cikin kwamfutocin ba ta da fankar baya ko kaɗan, ramin kawai aka bari. Muka ciro wata mai faɗin milimita 80 daga wata tsohuwar da ta riga ta mutu muka ɗaura, muna ta jin kanmu injiniyoyi. Da muka auna, zafin bai sauka yadda muka zata ba. Wata ɗaliba 'yar aji huɗu ce ta yago takardar tishu ta kara a bayan akwatin, sai ga takarda ta manne. Ashe a juye muka ɗaura ta. Maimakon ta fitar da iska, zuƙo wa take yi, har da mai zafin da fawa fak ke fitarwa a samanta. Mun sha dariya a wajen 'yan aji huɗu, kuma mun cancanta.

Ga yadda ake ganewa. Kowace fanka tana da fuskar da take buɗe da kuma bayan da ke da sandunan roba masu riƙe da injinta. Iska ta fuskar take shiga, ta wajen sandunan take fita. Wasu ma suna da 'yar kibiya a gefe. In kuna shakka, tishu ba ya ƙarya.

Idan akwatin yana da gurbin fanka fiye da ɗaya, a ƙasa mai ƙura irin tamu mun fi son iskar da ke shiga ta ɗan fi wadda ke fita yawa, a kuma sa raga a bakin shigar. Ta haka ragowar iskar za ta riƙa tsiyayewa waje ta kafofin akwatin, maimakon kowace kafa ta zama hanyar zuƙo ƙura. Ragar taga da muka yanka muka sa tana tare zare da gashi da ƙwari, amma ƙurar hunturu mai laushi tana wuce ta, kuma ita kanta sai an riƙa kakkaɓe ta, in ba haka ba ta zama sabon bargo. Idan za a sayi fanka kuma gurbin zai ɗauka, mai milimita 120 ta fi mai 80, don tana tura iska mai yawa ba tare da ƙara ba. Wayoyin da suka yi cunkus a tsakiya kuma muka tattara su gefe muka ɗaure.

Akwai dabarar da muke yawan gani a shagunan buga takardu: a cire murfin gefe a kafa wa kwamfuta fankar tsaye. Tana rage zafi a ranar, ba mu musa ba. Amma an buɗe wa ƙura da ƙwari ƙofa ke nan, ga kuma yatsun yara.

Sauran gyaran ma ba a cikin akwati yake ba. An manna bayan kwamfutocin da bango, don haka iskar da ta fita ba ta da wurin zuwa. Muka janyo su kamar taƙi guda. Waɗanda ke ƙasa a kan siminti, inda ƙurar shara ke tashi, muka ɗora su kan tebur. Biyu kuma rana ce ke dukansu ta taga, muka canza musu wuri. Sai zanen lulluɓi: malam yana rufe su ne don kare su daga ƙura, kuma daidai ne, amma ɗalibai sukan ɗage gaban kawai su kunna, baya da gefe na lulluɓe. Zane na kwamfutar da ke kashe ne.

Don kada mu yi ta zato, mun sa wata manhaja ta kyauta mai suna Core Temp, akwai kuma HWMonitor, duk suna nuna zafin furosesa a lambobi. Idan kwamfuta na zaune ba ta aikin komai, 30 zuwa 50 ba abin damuwa ba ne, a tsakiyar aiki kuma 60 zuwa 80. Wadda ke zama sama da 90 tana neman agaji. Tamu ta farko a can saman take kafin mu buɗe ta. Bayan shara da sabon mai ta yini ana gwajin jarrabawa a kanta har la'asar ba ta ko yi ƙugi ba.

Huɗu daga cikin biyar ɗin sun koma aiki. Ta biyar ta ci gaba da mutuwa ko da sanyin safiya, zafinta kuma daidai yake, don haka muna zargin fawa fak ɗinta ne, mun bar wa mai gyara. Malam ya rubuta a jikin allon ɗakin cewa za a riƙa hure kwamfutocin sau biyu a shekara, a tsakiyar hunturu da kuma ƙarshensa kafin zafi ya kankama, ya kuma damƙa buroshin a hannun yarinyar nan mai tishu.