Man wiwi da yara masu farfaɗiya: abin da dokar Ghana ta ce

Ranar wata Laraba bayan an tashi makaranta, mahaifiyar wani ɗalibina ta tsaya ni a bakin ƙofa, ta ciro wata 'yar kwalba daga jakarta. Ɗanta na fama da farfaɗiya, sau biyu yana faɗuwa a ajina. Ta ce, "Malam, an ce gwamnati ta halatta wannan yanzu. In daina ba shi na asibiti?" Kwalbar ba ta da suna ko lambar rajista. Man wiwi ne, wani ya sayar mata a unguwa.

Irin wannan magana ta bazu a zangunanmu, daga Nima har Aboabo, kuma rabinta ce kawai gaskiya.

A 2020 majalisar dokoki ta zartar da dokar Hukumar Kula da Miyagun Ƙwayoyi, Act 1019, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1990 mai ɗaurin shekara 10. Sashe na 43 ya ba Ministan Cikin Gida ikon ba da lasisin noman wiwi don masana'antu da magani, amma irin wanda sinadarin THC, wato mai sa maye, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. A Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke sashen, ta ce an shigar da shi ba tare da muhawarar da ta kamata ba. A 2023 majalisa ta sake zama ta dawo da shi.

To, ku lura da kyau: dokar noma ce. Ba ta ba kowa izinin dafa ganye a gida ko sayar da mai a kwalba ba. Wanda aka kama da wiwi don amfanin kansa har gobe yana fuskantar tara, in ya kasa biya a ɗaure shi. Duk maganin da za a ba mara lafiya kuma sai hukumar FDA ta yi masa rajista.

Ba ƙarya ba ne cewa akwai magani a cikin ganyen. A 2018 Amurka ta amince da Epidiolex, wanda aka tace daga sinadarin CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Amma likita ke auna shi da nauyin yaro, yana kuma duba hanta, domin in ya haɗu da sodium valproate, wanda yara da yawa ke sha, yakan taɓa ta. Wa zai auna na cikin jakar baiwar Allah nan? Sannan tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya na iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa, har ta kai ga rai.

Ban ga laifinta ba, wallahi. Kuɗin mota, kuɗin magani, ga kasuwarta da take rufewa duk ranar asibiti. Ta ma riga ta tambayi limamin unguwa ko haramun ne, ya ce mata magani daban, maye daban, amma likita ke da ta cewa.

Na ce mata, "Hajiya, kada ki tsayar da komai. Ki kai kwalbar nan likita ya gani." Ta ce tana tsoron a kira mata 'yan sanda. Sai muka yi da ita zan raka ta ranar Litinin.