JAMI'A KO SANA'A: BAYANI GA IYAYE DA 'YAN MAKARANTA NA YOLA DA JIMETA

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar ƙarshe ta makarantun sakandare ya fito, sai magana ɗaya ta cika gidajen Yola da Jimeta, watau ina yaro zai dosa. A gidaje da yawa an riga an yanke shawara tun kafin a yi tambayar, jami'a ce kurum. Uba ya kan sayar da sa, ko ya jinginar da gona, don ya ga ɗansa ya shiga. Yaron da bai sami shiga ba kuwa ya kan zauna a gida shekara biyu ko uku yana sake jarrabawa, shi bai yi karatu ba, shi bai koyi aikin kome ba. An shirya wannan ɗan littafi ne don a bayyana wa jama'a abin da jami'a ke bayarwa, da abin da ta ke ci, da kuma sauran hanyoyin da ke buɗe ga yaro a wannan jiha.

Dalilin Da Ya Sa Ake Ɗokin Jami'a

Wannan ɗoki yana da asali. A shekarar 1962 jami'o'i biyar ne kacal a duk faɗin Nijeriya, ɗaya tak a Arewa, ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, aka sa hedkwatarta a Yola, sai ga ma'aikatu sababbi suna neman ma'aikata, masu digiri kuwa ƙalilan ne. Wanda ya gama jami'a a wannan zamani ba ya yawon neman aiki, sau da yawa ma aikin ne ke jiransa, ga gidan gwamnati, ga rancen sayen mota. Dattawan da suka ga haka da idonsu ba su da laifi in sun so wa 'ya'yansu irinsa.

Amma al'amura sun sake. Jami'o'in ƙasan nan yanzu sun haura 250, kuma a 2024 yara kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don ta tsara shiga manyan makarantu. Guraben karatu ba su kai yawan masu nema ba, guraben aikin ofis kuwa ba su kai yawan masu fitowa da digiri ba. Takardar da a dā ta ke buɗe ƙofar ofis ita kaɗai, yau ta zama izini ne na shiga layin masu nema.

Inda Jami'a Ta Zama Tilas

Ba a nufin rage darajar jami'a da wannan bayani. Akwai ayyukan da doka ba ta yarda kowa ya yi su ba sai wanda ya bi ta jami'a. Likita ya kan yi shekara shida, sa'an nan ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba shi cikakken lasin. Lauya ya kan yi biyar, ya ƙara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a nan Yola. Injiniya ya kan yi biyar. Haka likitan dabbobi da mai haɗa magunguna, kowannensu da tasa doguwar hanya. Yaron da ke da kaifin ƙwaƙwalwa, ya ci darussan da ake bukata, kuma zuciyarsa na kan ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka, babban kuskure ne a karkatar da shi zuwa kasuwa don gudun kashe kuɗi. Jihar da ke da shanu kamar Adamawa, mai kasuwanni irin na Mubi da Ngurore, ba ta taɓa wadatuwa da likitocin dabbobi ba, balle na mutane.

Irin wannan yaro ba lalle ne ya yi nisa da gida ba. Jami'ar Modibbo Adama, wadda ke ƙasar Girei a ƙetaren Kogin Binuwai, an kafa ta a 1981 da sunan Jami'ar Fasaha ta Tarayya. An haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988, a 2021 kuma aka mai da ita jami'a mai koyar da fannoni dabam-dabam. Bayan wannan canji ne aka mai da asibitin Tarayya na Yola asibitin koyarwa na jami'ar. Akwai Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi tun 2002, akwai kuma Jami'ar Amurka ta Nijeriya a Yola, wadda ba ta gwamnati ba ce, kuɗinta kuwa sai mai hali.

Matsalar ta fi faɗa wa yaron da ya nemi fanni guda bai samu ba, aka ba shi wani wanda bai taɓa tunaninsa ba, ya karɓa don dai a ce yana jami'a. Irin wannan shi ne ya kan fito bayan shekara huɗu da takarda a hannu, bai san inda zai kai ta ba.

Lissafin Shekaru Da Na Kuɗi

In iyaye za su yi lissafi, su kan tsaya ga kuɗin rajista. Wannan kuwa shi ne ƙarami. Akwai kuɗin ɗaki, da abinci, da littattafai, da mota, na tsawon shekara huɗu ko biyar. Abin da ya fi duka tsada, wanda ba a cika sa shi cikin lissafi ba, shi ne shekarun kansu.

A ɗauka yara biyu sun gama sakandare tare suna da shekara goma sha takwas. Na farko ya sami shiga jami'a a gwaji na biyu, watau ya yi asarar shekara guda. Ya yi shekara huɗu, in an yi sa'a babu yajin aiki. Ba kullum ake yin wannan sa'a ba, gama malaman jami'o'in gwamnati sun yi yaji na wata tara a 2020, suka sake yin na wata takwas a 2022. Bayan haka sai shekarar bautar ƙasa, wadda aka fara tun 1973. Kafin ya fara neman aiki ya kai shekara ashirin da huɗu ko da biyar. Na biyun ya shiga garejin gyaran mota a Jimeta, ko shagon walda, ko ya bi mai sa wayar lantarki. Cikin shekara uku ko huɗu an yaye shi, ranar da ɗan'uwansa ke sa rigar bautar ƙasa shi ya riga ya yi shekaru yana cin gumin kansa, wataƙila ma har da yara a ƙarƙashinsa.

Sai dai lissafin bai ƙare nan ba. In na farkon ya sami aikin da ya dace da karatunsa, albashinsa na ƙaruwa da shekaru, yana da fansho, kuma ana iya ɗaukarsa aiki a Abuja ko Legas ko ƙasashen waje. Makaniken kuwa samunsa yana tare da lafiyar jikinsa, ranar da ya kwanta ciwo shago ya tsaya. Yana bukatar jari kafin ya buɗe nasa wuri, yana fama da ɗaukewar wuta, kuma in bai yi dace da maigida nagari ba sai ya shekara biyu yana wanke kayan aiki da zuwa aike. Kowace hanya da nata haɗari, abin da ba shi da kyau shi ne a zaɓi ɗaya ba tare da an auna ɗayar ba.

Game da kuɗi, ya kamata a sani cewa a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa, wanda ba a fara biya sai shekara biyu bayan gama bautar ƙasa. Wannan ya sauƙaƙa wa ɗan talaka mai hazaƙa. Amma rance bashi ne, wanda zai ci shi ya kamata ya san aikin da zai biya shi da shi.

Hanyoyin Da Ke Tsakani

Jama'a da yawa suna zaton hanya biyu ce kurum, ko jami'a ko shago. A tsakaninsu akwai makarantu masu yawa, wasu ma a tsakiyar gari su ke.

Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola, wadda aka kafa a 1974 don horar da malamai, tana ba da takardar NCE bayan shekara uku. Wannan takarda ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da aka yarda mutum ya koyar da ita a makarantun firamare na ƙasan nan. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa a Yola, da ta Tarayya a Mubi wadda aka kafa a 1979, suna ba da ƙaramar difloma bayan shekara biyu. Daga nan ɗalibi ya kan yi shekara guda yana aiki a wata ma'aikata, in ya so ya koma ya yi babbar difloma cikin shekara biyu. Amfanin wannan tsari shi ne yaro na iya tsayawa a tsakiya da takarda a hannunsa, in kuɗi ya yanke wa gida. Wanda ya bar jami'a a aji uku kuwa ba shi da kome sai takardar sakandare. Gaskiya ne an daɗe ana kukan bambancin da wasu ma'aikatu ke nunawa tsakanin mai digiri da mai babbar difloma wajen ƙarin girma, bai kamata a ɓoye wa yaro wannan ba.

Kwalejin koyon jiyya da unguwarzoma ta Yola ta cancanci iyayen 'yan mata su dube ta da kyau. Sau da yawa aure ya kan zo wa yarinya kafin ta gama digiri, karatun ya tsaya a banza. Aikin jiyya da na unguwarzoma kuwa ba a rasa bukatarsu, a birni ko a ƙauye, kuma mata da yawa sun fi son mace ta duba su.

Ga mai son aikin hannu, akwai kwalejojin koyon sana'a na gwamnati, inda ake koyar da gini, da kafinta, da lantarki, da gyaran injuna, a ƙarshe a zauna jarrabawar hukumar NABTEB wadda aka kafa a 1992. Wanda ya koyi sana'arsa a shago ma ba a rufe masa ƙofa ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya, ta ba da takardar shaida. Abin mamaki ne yawan ƙwararrun maƙera da makanikai da ba su taɓa jin labarin wannan gwaji ba, alhali takardar na iya sa kamfani ko ma'aikata ta ɗauke su. Haka kuma Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1980, ta kan haɗa matasa da masu sana'a don su koya.

Noma kuma fa? Wanda ya je bakin tafkin Geriyo da rani ya ga shinkafa da kayan lambu, ko ya bi hanyar Numan ya ga gonakin rake, ya san ƙasar Binuwai ba ta gaji da ciyar da mutane ba. Yaron da ya iya karatu da lissafi, ya san auna taki da rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu, ya fi wanda bai iya ba riba a gona ɗaya. Sabo da haka, ko wace hanya za a bi, kada a cire yaro daga makaranta kafin ya gama sakandare. Motocin yanzu da kwamfuta ake gano ciwonsu, mai sa na'urar wutar hasken rana kuwa dole ya iya lissafin ƙarfin batir.

Ƙofar Jami'a Ba Ta Rufuwa

Abin da ya fi tsorata iyaye shi ne zaton cewa in yaro bai shiga jami'a yana ɗan shekara goma sha takwas ba, shi ke nan har abada. Ba haka ba ne. Mai takardar NCE ko difloma da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye ta hannun JAMB, a sa shi a aji biyu. Akwai kuma Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana da cibiya a Yola, inda ma'aikaci ko mai shago zai yi digiri ba tare da ya bar aikinsa ba. Malamai da ma'aikatan asibiti da yawa ta wannan hanya suka hau, suna biya wa kansu kuɗin makaranta daga albashinsu. Abu ɗaya da za a lura da shi, wanda ya gama digiri bayan ya wuce shekara talatin ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke masa ita ake ba shi.

Kafin A Yanke Shawara

Ya kamata uba da uwa su zauna da yaron, su fara da tambayar aikin da ya ke so ya yi, sa'an nan a nemi makarantar da ke kaiwa can. A dubi sakamakonsa da idon gaskiya, musamman Turanci da lissafi, gama in babu Turanci jami'a ba ta karɓa, fannoni da yawa kuma sai da lissafi. A je wurin malamin da ya koyar da shi a ji ra'ayinsa, a kuma kai shi wurin wanda ke yin aikin da ya ke sha'awa ya yini tare da shi. In gida yana da 'ya'ya shida, a tuna da biyar ɗin da ke baya kafin a sayar da garke don na farko. In kuwa yaro ya zauna jarrabawar shiga jami'a bai samu ba, kada a bar shi zaune, ya kama wata sana'a ko ya shiga kwaleji yana jiran ta baɗi.

Daga ƙarshe, ana gargaɗin jama'a su yi hattara da makarantun da ba a amince da su ba, da dillalan da ke alkawarin digiri cikin 'yan watanni daga ƙetaren iyaka. A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga ƙasashen Binin da Togo, bayan da wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri a Kwatano cikin makonni kaɗan. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ita ke da jerin jami'o'in da aka yarda da su, Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa da ke Kaduna ita ke kula da kwalejojin fasaha, kwalejojin ilmi kuma suna da tasu hukuma. Kafin a biya ko kwabo, a tabbata sunan makarantar, da na fannin da yaro zai karanta, suna cikin jerin hukumar da abin ya shafa.