Ba Kowane Ciwon Muƙamuƙi Ne Ciwon Haƙori Ba

Abin da ya sa mu 'yan ajin ƙarshe muka ɗauki wannan maudu'i shi ne abin da ya sami wani ɗan ajinmu bara, ana saura wata guda musabaƙa. Kullum da asuba sai ya tashi da ciwo a gefen fuska, dab da kunne, har buɗa baki ya yi tilawa yana yi masa wuya. Kowa ya ce haƙori ne. Ran kasuwa ya biya jika guda, mai cire haƙori ya zare masa turmi ɗaya. Kwana uku yana tofar da jini, ciwo kuwa yana nan daram. Sai da yayansa ya kai shi birni, likitan haƙori ya duba ya ce matsalar a gaɓar muƙamuƙi take. Haƙori dai ya riga ya tafi.

To, wace gaɓa ce wannan? Ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Abin nan da ka ji yana motsi, ita ce. Nan ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya haɗu da ƙashin kai, da ɗan guringuntsi a tsakani kamar matashi, tsokokin tauna kuma suna jan su. Magana, tauna, dariya, hamma, duk da ita ake yi, shi ya sa idan ta gaji ba ta samun sararin hutawa, balle a wurin mu da muke wuni muna karatu da murya.

Mu da kanmu muke wahal da ita. Asali idan mutum yana zaune kawai, leɓɓansa ne suke haɗuwa, haƙoran sama da na ƙasa ba sa taɓa juna. Amma mai damuwa yakan dantse haƙora bai sani ba, wani ma yana nika su cikin barci, sai makwabcin tabarmarsa ne zai ji ƙarar. Abin da ya sami abokinmu ke nan, fargabar musabaƙa. Ga cingam tun safe har la'asar, ga aya busasshiya, ga rake da ƙanƙara, ga masu buɗe kwalba da haƙori don burga. Har tagumi, wanda iyayenmu suka daɗe suna hana mu, yana tura muƙamuƙi gefe guda. Ashe da gaskiyarsu.

Yaya ake rarrabewa? Ciwon haƙori yawanci kana iya nuna wurinsa da yatsa. Ruwan sanyi ko shayi mai zafi yana tayar da shi, da dare yana zuga, sau da yawa kuma akwai rami ko kumburin dasashi. A shekarunmu ma akwai turmin ƙarshe, wanda yake fitowa wajen shekara 17 zuwa 25, idan bai sami fili ba sai can ƙuryar baki ta kumbura. Shi kuwa ciwon gaɓa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana yawo zuwa kunne da gefen kai, ya fi tsanani da tashi daga barci ko bayan tauna, wani lokaci da ƙara "ƙas" idan an buɗe baki. Lafiyayyen baki yakan ɗauki yatsun mai shi uku a jere tsakanin haƙoran gaba. Idan biyu ma da ƙyar, akwai magana. Ƙara kaɗai ba tare da ciwo ba, wannan ba abin tada hankali ba ne.

Idan na gaɓa ne, akasari yana lafawa da kansa in an tausaya mata. A koma kunu, fura, koko da tuwo mai laushi na mako ɗaya ko biyu, a bar ƙilishi da cingam. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora wurin kamar minti 15, safe da dare. In hamma ta zo a tallafi haɓa da hannu. Parasetamol yana rage zafi, ibuprofen ma haka, sai dai shi ba a shansa da yunwa, mai gyambon ciki kuma ya nisance shi.

Inda muke yawan kuskure shi ne wurin masu tallan magani a faranti. Sai a ba ka kafso biyu na amoksisilin, alhali ba ya yi wa ciwon gaɓa komai, ko hangum da kan zagaya makaranta yana kumbura wa yara gaban kunne, shi ma ba ya jin sa. Mafi muni a ce ka sha tramol. Wallahi mun ga samarin da suka fara shi da sunan ciwo, yau ba sa iya wuni ba shi. Kanumfari yana kashe zafin haƙori na ɗan lokaci, amma ba ya cike rami. Ƙwayar asfirin da wasu ke dannawa a jikin haƙori kuwa, dasashi kawai take ƙonewa.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida. Kumburi ƙarƙashin muƙamuƙi da zazzaɓi, har haɗiyar yawu ko numfashi ya yi wuya: ruɓar haƙori ce take bazuwa, tana kisa. Baki ya ƙi buɗuwa kwanaki bayan an taka ƙusa ko an ji rauni: ana tsoron tetanos. Baki ya ƙi rufuwa bayan hamma ko faɗuwa: gocewa ce, kada a bari kowa ya gwada ƙarfinsa a kai. Dattijo kuma in ya ce muƙamuƙi na ciwo tare da nauyin ƙirji da gumi, zuciya ake zargi, a nemi mota nan take. Sannan mu lura da ƙannenmu 'yan shekara 2 zuwa 6. Gyambo a dasashi da warin baki da kumburin kunci na iya zama noma, cutar da ke cin fuska cikin 'yan kwanaki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. In an kama ta da wuri magani yana tsayar da ita.

Likitocin haƙori a ƙasarmu Nijar ba su da yawa, galibinsu kuma a manyan birane suke, irin su Yamai, Maraɗi da Damagaram. Don haka a fara da CSI mafi kusa, su ne za su rubuta takardar turawa gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Ciwon da ya wuce mako biyu ba sauƙi, a je. Kafin a tafi a riƙe amsar abu uku: yaushe ya fara, me ke tayar da shi, wane magani aka riga aka sha. A faɗi gaskiya ko da na faranti ne.

Abokin namu, ruwan ɗumi da kunu aka sa shi, da 'yan motsa baki da likitan ya koya masa. Bai kai wata ba ya dawo da'irar tilawa, sai dai har yau da gefe ɗaya yake tauna nama.