Kar Ki Bar Gashinki a Tsakar Gida

Ranar tsifa a gidanmu ba ta ƙarewa da wanke kai. Bayan an taje an shafe da man shanu, sai kakarmu ta miƙa hannu ta karɓi mataji, ta zare duk silin da ya maƙale a haƙoransa, ta bi tabarma da tafin hannu tana tattara wanda ya zuba, ta murza shi ya dunƙule kamar ƙwallon dabino. Sannan ta tashi ta zaga bayan ɗaki. Wata rana ta cusa shi cikin tsagin katanga, wata rana ta tona ɗan rami da tsinke ta binne, ta danne da dunduniya. Yarinyar da ta yi garaje ta kaɗe zani gashi ya watse kuwa, ta shiga uku da faɗa: "Ke 'yar nan, kanki kike watsarwa a tsakar gida? Kin san wa zai shigo bayanki?"

Dalili biyu ake ba mu. Na farko na yara ne: wai in tsuntsu ya ɗauki gashinki ya saƙa sheƙa da shi, ke da ciwon kai har sai sheƙar ta warware, wasu ma su ce hauka. Na biyu ba a faɗinsa da ƙarfi, sai an rage murya, domin ɓarawon da ake tsoro mutum ne, kuma yawanci na gida. A tunanin Bahaushe na da, abin da ya fita daga jikinka bai rabu da kai ba. Gashi, farce, tsumman da ya sha guminka, ƙasar sawunka, duk igiya ce da wani zai iya kamawa ya ja. Shi ya sa in ana labarin sammu, abin da boka ya fara nema shi ne a kawo masa wani abu na jikin wanda za a yi wa aikin. Gashi ya fi komai sauƙin samu: ba ya ruɓewa da wuri, ba shi da nauyi, sili uku sun shige bakin zani ba wanda ya gani. Da shi ake cewa ana haɗa mallaka, a juya miji sai yadda aka yi da shi. Da shi ake farraƙu tsakanin masoya. Da shi ake kurciya, mutum ya bar garinsu ya shiga duniya ba waiwaye.

Wannan tsoro ne ya mayar da aski da kitso sha'anin amana. Magidanci na da yana da wanzaminsa, sau da yawa wanda ya gada daga mahaifinsa, shi ke askin gida, shi ke kaciya, shi ke cire belu. Ranar suna, in wanzami ya aske kan jariri, ba a barin gashin nan a ƙasa ko na minti ɗaya. Wata tsohuwa na tsaye da ɗan ƙyalle tana jira. Masu bin sunna su kimanta nauyinsa da azurfa su yi sadaka, sannan a binne. Mata kuwa ba kowace makitsiya suke miƙa wa kai ba. Mace za ta tsallake gida biyar ta je wurin wadda ta amince da ita, kuma in an gama, ita za ta tattara abin da ya zuba da hannunta ta ƙulle a gefen mayafi. A gidan da ake zaman kishi, mataji da kibiyar kitso ba sa kwana a waje. In kuma kika ji kishiyoyi na yi wa juna kitso, to ana ba da labarin gidan a unguwa.

Malamai ba su share maganar baki ɗaya ba, don akwai asalinta a hadisi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mutum a Madina mai suna Labid bin A'asam ya yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sihiri da mataji da gashin da ya zuba wajen taje, ya sa a cikin kwanson furen dabino ya jefa a rijiyar Zarwan. Malamai da yawa kuma sun so a binne gashi da farce don girmama ɗan Adam. Abin da suke yaƙa shi ne zuwa wurin boka, da zargin mutane ba hujja. A nan ne nake ganin al'adar ta fi yin ɓarna. Na girma ina jin labarin satar gashi, amma ban taɓa ganin an kama wata da gashi a hannu ba. Waɗanda ake zargi na gani da idona: amaryar da aka daina cin tuwonta, tsohuwar da yara suke gudu in ta shigo, makitsiyar da kasuwarta ta mutu saboda wata ta yi ciwon kai kwana biyu bayan kitso.

Ba mu kaɗai ke da wannan tsoro ba, kuma ya taɓa yin mummunan ta'adi a ƙasar Sin a shekarar 1768. A farkon shekarar, magina suna gyaran wata gada a gundumar Deqing ta lardin Zhejiang. Sai jita-jita ta tashi cewa suna manna takardu masu sunayen mutane a kan turakun da suke kafawa, wai in guduma ta sauka a kan sunan mutum, ƙarfinsa ya koma cikin gadar, shi kuma ya kwanta ciwo. Kafin a ankara labarin ya sauya kama: yanzu matsafa ne ke yawo suna yanke ƙarshen kitson maza, su yi tsafi da gashin su sace kurwar mai shi, su hura ta cikin mutum-mutumin takarda ya riƙa yi musu aike. Bahaushen da ya san zancen maye da kamun kurwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Abin da ya sa maganar ta kai fada shi ne kitson kansa. Sarakunan Manchu da suka ci ƙasar sun kafa doka tun 1645 cewa kowane namiji ya aske gaban kansa ya bar doguwar jela guda a baya, alamar ya yi mubaya'a. Wanda ya ƙi, kansa ake sarewa. Saboda haka da labari ya je kunnen Sarki Qianlong cewa ana yanke wa talakawa jela, shi bai ji tsafi kaɗai ba, ƙanshin tawaye ya ji. Ya aika wa gwamnoni takardu masu zafi cewa a kamo masu yi. Su wa aka kamo? Mabarata, da 'yan zuhudun addinin Buddha masu yawo gari gari da jaka a kafaɗa, irin baƙin da ba su da mai tsaya musu. Wanda aka samu almakashi ko aska a kayansa ya gama yawo. Jama'a sun kashe wasu da duka kafin hukuma ta iso, wasu kuma aka matse musu idon sawu da itace har suka amsa laifi, suka ƙirƙiro sunayen manyan matsafan da suka aiko su. Aka yi wata da watanni ana neman waɗannan manya, ba a samu ko ɗaya ba. Da manyan majalisar sarki suka sake tuhumar fursunonin da kansu, sai labaran suka wargaje, kowa ya ce azaba ce ta sa ya faɗa. Kafin shekara ta ƙare aka dakatar da farautar. Sarki bai ce ya yi kuskure ba. Gwamnoni ya hukunta, wai sakacinsu ne ya sa matsafan suka tsere. Masanin tarihi Philip Kuhn ya bi takardun fadar ya rubuta littafi guda a kan lamarin a 1990.

Kusan shekara ɗari biyu da hamsin bayan haka, a 2017, irin wannan guguwa ta bi arewacin Indiya, daga Rajasthan da Haryana zuwa Delhi da Uttar Pradesh, ta ƙare a Kashmir. Mata suna cewa sun suma, sun farfaɗo sun tarar an datse musu kitso. 'Yan sanda sun sa ladan kuɗi, matasa sun kwana sintiri da sanduna. Ba a tabbatar da ɓarawo ba, amma kusa da Agra an kashe wata tsohuwa da sunan mayya ce, a Kashmir ma an kashe wani tsoho da aka ɗauka shi ne mai yankan.

Mutanen Kashmir ɗin sun taɓa ganin satar gashi ta gaske, wadda ta girgiza ƙasa. A masallacin Hazratbal da ke Srinagar akwai silin gashi da suka yi imani na Manzon Allah ne, ana fito da shi a manyan ranaku jama'a su gani. Ranar 27 ga Disamba 1963 aka wayi gari babu shi. Cikin tsananin sanyi mutane suka cika tituna suna kuka, kasuwanni suka rufe, tarzoma ta tsallaka har Gabashin Pakistan da Kalkata. Ranar 4 ga Janairu 1964 gwamnati ta ce an same shi, sai da aka tara dattawan malamai suka duba suka shaida kafin hankali ya kwanta.

Sai kuma ɓarawon da ba ruwansa da kurwar kowa, kuɗi yake nema. Wannan kam ana ganinsa ido da ido. Gashin mutum haja ne mai tsada a duniya, kuma hanyarsa ta halal sananniya ce. A haikalin Tirumala da ke Tirupati a kudancin Indiya, mabiya addinin Hindu maza da mata suna zuwa a yi musu ƙwal-kwabo don cika alwashin da suka yi wa abin bautarsu. Ɗaruruwan wanzamai ke aiki dare da rana, dubban kawuna a yini. Hukumar haikalin ta ware gashin bisa tsawonsa ta yi gwanjonsa. Wanda aka aske daga kai guda aka ɗaure shi yadda ya tsiro, saiwa gefe guda baki gefe guda, shi ne mai daraja, don ba ya cukurkuɗewa. Na ƙasa da shi kuma, abin zai ba kakata mamaki: ɗan dunƙulen nan ne na bakin mataji. A ƙauyukan Indiya da Bangladesh da Myanmar mata suna tara shi, 'yan koli su bi gida gida suna saye ko su yi musaya da kwanuka da tarkace. Wasu matan su zauna yini guda suna warware shi sili sili da allura a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai masana'antun Sin, musamman birnin Xuchang na lardin Henan, inda ake wanke shi da sinadari, a rina, a ɗinka, a sa a leda da sunan gashin Brazil ko na Peru.

Inda abu ya yi tsada haka, ɓarayi ba sa nisa. A 2013 birnin Maracaibo na Venezuela ya yi fama da wasu gungu da ake kira da sunan piranha, kifin nan mai yagar nama. Sukan tare mace mai dogon gashi a kasuwa ko bakin titi, wani lokaci da bindiga, su ce ta ɗaure shi da kanta, su sa almakashi su datse, su kai wa masu gyaran gashi. Akwai mata a cikin ɓarayin. Abin ya kai mata suna naɗe gashi su ɓoye kafin su fita, har Shugaba Nicolás Maduro ya fito ya umarci 'yan sanda su shiga maganar. A shekarar dai, a Johannesburg, masu dogon gashi irin na 'yan rasta aka sa wa ido. Gashin da mutum ya yi shekara goma yana reno, a yanke shi da wuƙa ko fasasshiyar kwalba cikin minti ɗaya, domin masu gyaran kai sun gano yadda za su saƙa shi a kan wani da allura mai ƙugiya, mai gaggawa ya shiga shago da ɗan gashi ya fito da na shekara goma. Kaɗan ne suka kai ƙara. Da wane baki namiji zai ce wa ɗan sanda an sace masa suma? A Amurka kuwa, a 2011, shagunan kayan kwalliya aka riƙa fasawa a birane irin su Houston da Chicago, ɓarayi su wuce akwatin kuɗi su kwashe ledojin gashi. Akwai ma satar da ta fi ta almakashi muni: a 2020 jami'an kwastan na Amurka sun kama tan 13 na kayan gashi daga yankin Xinjiang na ƙasar Sin, bisa zargin aikin tilas aka sa waɗanda ke tsare a can suka yi.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Nijeriya na cikin manyan kasuwannin wannan haja a Afirka, daga Balogun ta Legas har Sabon Garin Kano. A ƙasar Hausa ana kiransa gashin doki cikin raini, kuma hadisin da ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa ya sa mata da yawa ba sa kusantarsa. Amma duk wanda ya leƙa ɗakin kwalliyar amare a manyan garuruwanmu ya san ana saye, kuma ba a tambayar mai shago kan wa aka cire shi, da yardarta ko ba da yardarta ba. Shi ma bai sani ba.

Kwanakin baya na je gidan wata ƙanwata ana shirin biki. 'Yarta ta zauna tana taje irin wannan gashi da ta sayo da tsada, dogo baƙi wuluk, silin da ya zuba tana kaɗe shi cikin kwandon shara. Da ta gama ta juya kan nata, ta taje, ta zare abin da ya maƙale a mataji, ta murza shi ta ƙulle a leda ta tura cikin jaka, yadda kakarmu take yi sak, alhali ba ta ma taɓa ganinta ba. Na nuna mata kwandon na ce, wancan fa?

Ta dube ni tana dariya ta ce, "Haba Kawu, wannan ai ba nawa ba ne."