Likitan da Majinyacinsa Gari Guda Ne

Idan amai da gudawa ya ɓulla a wata unguwa a Gozaki tsakiyar damina, likitan da ake turowa ba ya zama a ofis yana jiran layi. Tambayarsa ta farko ita ce: wa ya fara kwanciya, kuma a wace rijiya gidansu ke ɗibar ruwa? Sai ya bi gida gida da littafi, yana rubuta suna, shekaru da ranar da ciwo ya kama kowa, har tushen cutar ya fito fili. Wannan shi ne likitan lafiyar al'umma.

Hanyarsa doguwa ce: shekara 6 a jami'a, shekarar sanin makamar aiki, bautar ƙasa, sannan ƙwarewa a fannin annoba a wuri irin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Yankinmu ma ya san irinsu tun shekarun 1970, lokacin da masana daga Zariya da Ingila suka zauna a Malumfashi suna binciken tsargiya, zazzaɓin cizon sauro da saran maciji.

Wanda ya fi nuna mini yadda sana'ar take shi ne Dakta Nasir Sani Gwarzo, ɗan maƙwabtanmu na Kano. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma. An yi maganin zazzaɓi, an yi na sanƙarau, shiru. Da aka auna jini, sai ga gubar dalma. Ashe duwatsun zinariya ake niƙawa a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Yara kusan 400 suka rasu. Dakta Gwarzo yana cikin waɗanda suka ja ragamar aikin daga ɓangaren gwamnatin tarayya, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, magani kaɗai bai isa ba. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, domin yaron da aka ba maganin fitar da gubar, in ya koma cikin ƙurar, an yi aikin baban giwa.

A 2014, da Ebola ta shigo Legas, Dakta Gwarzo ne ke kula da lafiya a filayen jirgi da kan iyakoki. Mutum 20 suka kamu a faɗin ƙasar, 8 suka rasu. A 2020 kuma shi aka turo Kano lokacin korona.

Sana'a ce mai ƙarancin godiya, don ba wanda ke yi wa likita na gode kan cutar da ba ta kama shi ba. Kuma komai iliminsa, da labarin da ya iso masa yake aiki. Saboda haka, jama'ar Gozaki, in kun ga mutum 2 ko 3 sun kwanta da ciwo iri ɗaya a unguwa, ku sanar da mai unguwa da asibiti mafi kusa a ranar, kada ku bari sai an kai wani makwanci.